Tsuntsayen da na raka a bakin tekun Norfolk, fadamarmu suka nufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili, ko da maganar za ta ɗan ja, in ba masu karatu labarin wani yawon ƙafa da muka yi ni da 'yata a bakin teku a nan Ingila. Akwai buƙatar da nake son miƙawa, amma sai an ji labarin za a gane dalilinta.

Ni mutumin ƙasar Hadejia ne, daga wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Kirikasamma da Guri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne kuma manomin shinkafa. Shekara tara ke nan ina aikin jinya a gabashin Ingila, muna zaune a garin King's Lynn cikin lardin Norfolk. A waya nake karanta jaridarku, galibi da sassafe in na tashi daga aikin dare. Na lura duk ranar da sunan fadamun Hadejia da Nguru ya fito, to ɗayan uku ne: ko ambaliya ta ci gari, ko kachala ta toshe hanyar ruwa, ko jan baki ya sauka a gonar shinkafa. Duka gaskiya ne, kuma 'yan'uwana na jini suna cikin masu wannan kuka. Sai dai fadamar tana da wani labarin, wanda ni da aka haifa a bakinta ban ji shi ba sai da na yi nisan fiye da kilomita 4,000 da ita.

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Satumba ce. A makaranta an ba 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, aikin gida cewa ta fita ta rubuto halittu goma da ta gani da idonta a wannan kaka. Wata abokiyar aikina ta ce mu je Titchwell, wani keɓaɓɓen wurin kare tsuntsaye da ke gaɓar tekun arewacin Norfolk. Muka hau bas muka bi ta Hunstanton, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Kakar nan daban take da tamu. A gida a irin wannan lokaci an yanke gero ana ɗaurin dami, dawa ta fitar da kai, ruwan fadama ya cika ya kwanta, zafin rana kuma na nan daram. A nan kuwa ganyen itatuwa ne ke komawa ja da ruwan ɗorawa yana kakkaɓewa, yini na gajarcewa kullum, iska mai sanyi na kaɗowa daga teku. An daɗe da girbe alkama da sha'ir. Abin da ya rage a gonaki shi ne wani tushe mai kama da gwaza da suke yin sukari da shi, kuma motocin noma sun fara tone shi.

Wurin na ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya ne, RSPB, wadda wata mata mai suna Emily Williamson ta kafa a Manchester a 1889, don yaƙi da kashe tsuntsaye saboda gashin da ake ƙawata hulunan mata da shi. Yau membobinta sun haura miliyan ɗaya. A bakin shiga akwai ɗan shago da wurin shan shayi, da wani allo da ake rubuta sunan kowane irin tsuntsu da aka gani a ranar. Na tsaya na ƙirga, sun fi sittin, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Muka yi hayar madubin hangen nesa guda biyu muka kama hanya. Hanyar miƙaƙƙiya ce bisa wata doguwar ganuwar ƙasa, kimanin kilomita ɗaya daga shagon zuwa rairayin teku. Mai sauri zai cinye ta cikin minti goma sha biyar, mu kuwa mun yi awa huɗu a kanta.

Da muka fita daga cikin itatuwa sai fili ya buɗe. A hannun hagu fadamar ruwan gishiri ce da teku ke shiga yana fita sau biyu a yini. A hannun dama kuma dogayen ciyayin ruwa ne masu kama da kyauro, sun fi mutum tsawo, irin waɗanda mutanen Norfolk ke yin jinkar ɗaki da su tun kaka da kakanni. A gefensu na hango abin da ya sa na tsaya cak: kachala, da kanta mai ruwan ƙasa kamar zangarniyar maiwa. 'Yar'uwar tamu ce, ba ta da maraba da ita a ido. Amma a nan ba ta ci wurin ba. Ana yanke ciyayin kashi-kashi, bana nan baɗi can, kuma akwai ƙofofin ruwa da ma'aikata ke buɗewa su rufe, su ɗaga ruwan a wani lokaci, su sauke shi a wani. Muna tsaye sai ga wani irin shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa bisa ciyayin, fikafikansa a ɗage, yana lilo kamar iska ce ke riƙe da shi. A 1971 mace ɗaya da namiji ɗaya na irinsa suka rage masu yin sheƙa a duk Birtaniya. Mu a ranar mun ga huɗu kafin mu kai rabin hanya.

Can gaba akwai wani tafki marar zurfi mai tsibirai na taɓo, an gina rumfar katako a bakinsa mai dogayen tagogi sirara, yadda mutum zai zauna ya ga tsuntsu, tsuntsu bai gan shi ba. Mun tarar da mutum kamar goma sha biyar a ciki, kowa shiru, in za a yi magana sai da raɗa. A kusurwa akwai wata dattijuwa, 'yar aikin sa kai, shekarunta za su kai saba'in da ɗoriya, ta kafa babban madubi bisa ƙafafu uku. Ta ga 'yata da littafi a hannu, sai ta yafito ta, ta sauke madubin daidai tsawonta. Ta fara nuna mata wani fari da baƙi mai siririn baki da ya lanƙwashe sama, yana sharar ruwa da shi hagu da dama. Shi ne tambarin ƙungiyar tasu. Ya yi kusan shekara ɗari ba ya sheƙa a ƙasar, sai a 1947 ya dawo gaɓar Suffolk, inda aka malala ruwa a filayen bakin teku lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ni kuwa idona na kan wasu daban. Su ashirin ne ko fiye, masu ruwan ƙasa, bayansu kamar an jera ɓawon kifi, kansu ƙarami, wuya dogo, ƙafa ruwan lemo, wasu manya wasu ƙanana ƙwarai kamar ba iri ɗaya ba. Suna tafe suna tsattsagar taɓo, gashin bayansu na ɗan tashi in iska ta buga. Wallahi ji na yi tsigar jikina ta tashi. Na san su. Su ne ke sauka a gonar shinkafarmu bayan girbi, dubbai a lokaci guda, suna tsintar ƙwayar da ta zube, in sun tashi sai ka ji kamar an yarfa babban zane. Na ce wa dattijuwar na san waɗannan tun ina yaro a Najeriya. Ta ce raf suke kiransa, manyan su ne maza, ƙananan mata, kuma da bazara namijin kan fitar da wani gashi a wuya kamar rawani, wanda mu ba ma taɓa gani saboda a arewacin Turai da Saiberiya yake yin adon. Ta ce kaɗan ne ke yin hunturu a Ingila, mafi yawansu ƙetare Sahara suke yi. Sai ta tambaye ni wane yanki na Najeriya. Na ce arewa maso gabas da Kano, wani wuri da ba lallai ta taɓa ji ba. Ta ce, "Kusa da Nguru?"

Ashe ta fi shekara talatin da sanin sunan. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Hadejia da Nguru, kuma ƙungiyar tasu na cikin waɗanda suka sa hannu, tare da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya. Ta san Dagona, wurin kare tsuntsayen ruwa da ke cikin fadamun namu, ta san cewa Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya je can a 1989. Ni na tuna ana labarin zuwan wani babban Bature ganin tsuntsaye muna firamare, manya na mamakin abin da zai taso mutum daga ƙasarsu don kallon agwagwa. Gidan sarautar Sandringham, inda mutumin ya yi yawancin zamansa bayan ya ajiye aiki, a gefensa bas ɗinmu ta wuce da safen nan.

Abin da ta gaya mini bayan wannan shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, bai kai gwara ba, da ke cika shingayen gonakin Ingila da kuka duk bazara. A bazarar 1969 masu ƙirga suka fita kamar yadda suka saba, suka tarar fiye da biyu bisa uku ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a cikin gida, aka rasa. Daga baya aka gano damina ce ta gaza a yankin Sahel a 1968, tsuntsayen suka rasa abin da za su ci su yi ƙiba kafin su ƙetare hamada. Wato shekara huɗu ko biyar kafin duniya ta ga hotunan shanunmu a kwance a farin 1973, wasu mutane masu littafi da fensir a ƙauyukan Ingila sun riga sun ga alamarsa. Mahaifina bai taɓa ba da labarin wannan fari ba tare da ya yi shiru a tsakiya ba. Ban taɓa zaton akwai wata al'umma da ta sha wahalarsa tare da mu ba, sai a rumfar nan na tuna ayar Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne irinmu.

'Yata ta ja layi a tsakiyar shafinta, gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa, don haka muka saba yi mata a gida. Ta rubuta sunan Turancin, ta ɗago ta ce, "Baba, me ake ce masa da Hausa?" Na buɗe baki na rufe. Na san mahaifina yana da sunansa, yana da sunan kowane mai tafiya a bakin ruwa, har da wanda ke zuwa da wuri da wanda ke makara. Na ce, "Uwata, bar gurbin tukuna." Ta ce to wanne na sani. Na lissafa mata balbela, zalɓe, shamuwa, gauraka, dinya, kirinjijiya, kwasakwasa, tsattsewa. Daga nan na tsaya. Takwas, daga ɗan masunci. Dattijuwar ta roƙe ni in maimaita su a hankali, ta rubuta a bayan littafinta yadda kunnenta ya ji. Da na kwatanta mata balbela, fara mai bin shanu, ta yi murna ta ce ai ta iso nan ma, a 2008 ta fara yin sheƙa a Ingila, kuma yanzu akan gan ta a bayan shanu a wannan gaɓar.

Tsattsewa kam mun same ta, ita ce ta cike wa 'yata gurbin farko. Suna ta wucewa ƙasa-ƙasa bisa ruwan, biyar, goma, uku, ba tsayawa. Na ƙarshe-ƙarshe ne, don mafi yawa sun riga sun tafi. Nauyin ɗaya kimanin giram 20 ne, amma za ta ratsa Faransa da Sifen, ta ƙetare Sahara, ta bi ta sararin samaniyar ƙasashenmu, ta zarce har Afirka ta Kudu. An tabbatar da haka ne tun Disamban 1912, lokacin da aka kama wata a yankin Natal na Afirka ta Kudu da zoben da aka sa mata a ƙafa a Ingila shekara guda da rabi kafin nan. Na tsaya ina bin su da ido har suka ɓace, ina lissafin cewa kafin albashina na gaba ya shigo wasunsu sun sha ruwa a wani tafki da na sani.

Bayan tafkin akwai wata ganuwa mai kauri, daga bayanta kuma ƙasa ta canja. Taɓo ne mai sheƙi da ƙananan magudanai, da wani ɗan tsiro marar ganye mai gaɓa-gaɓa wanda kaka ta mai da shi ja wur, fili guda kamar an shanya barkono. Mutanen yankin na cin sa da man shanu lokacin da yake kore, ɗanɗanonsa gishiri-gishiri. Tarihin wurin duk faɗa ne da teku. Da can gona ce da aka ƙwato da ganuwa, a yaƙin duniya na biyu sojoji suka mai da ita filin koyon harbi da tankokin yaƙi. Daren 31 ga Janairun 1953 teku ya yi toroƙo ya fasa ganuwar, a ambaliyar da ta kashe mutum 307 a Ingila da fiye da 1,800 a Holan. Ba a sake gyara ta ba, wurin ya koma fadama, ƙungiyar ta saye shi a 1973. Da suka ga teku na ci gaba da cin gaɓar, tsakanin 2009 da 2011 sai suka ƙarfafa ganuwar ciki, suka fasa ta waje da hannunsu, suka bar wa teku wannan yanki don ya zama matashi tsakaninsa da ruwan daɗi. Da wani toroƙon ya zo a Disamban 2013, ganuwar ciki ta riƙe. A nan muka ga wata 'yar barewa marar ƙaho mai haure biyu a waje, asalinta daga Sin, ta tsaya tana kallonmu kafin ta shige ciyawa.

Daga nan sai tudun yashi, sai teku. Ruwa ya janye nesa, rairayi ya miƙe iya ganinka, ga ɓawon dodon koɗi iri-iri yana ƙara a ƙarƙashin takalmi, ga kangon wani ginin soja ya rushe rabi a cikin yashi. Wasu 'yan tsuntsaye farare na bin bakin igiyar ruwa da gudu, in ta janye su bi ta, in ta dawo su juyo, ƙafafunsu ba sa ganuwa don sauri. 'Yata ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Can cikin ruwa wani baƙin kai ya ɓullo kamar na kare, ya dube mu, ya nutse. Dabbar teku ce da suke kira sil, na kwatanta mata da ayu da masunta ke ba da labari. A Blakeney, gabas kaɗan da nan, dubbansu ke haihuwa a kan yashi daga Nuwamba zuwa Janairu. Na samu lungu a bayan tudun yashi inda iska ba ta kai ba, na shimfiɗa rigar sanyina muka yi Azahar.

Muna sallamewa muka ji wata hayaniya daga sama, kamar kasuwa daga nesa. Kowa a bakin tekun ya ɗaga kai. Dinyoyi ne masu ƙafa ruwan hoda, layi bayan layi, sun fito ta kan teku daga arewa. Daga Aisilan da Girinlan suke, nan ne nasu wurin hunturun, kuma ragowar ganye da guntayen tushen sukarin nan da aka bari a gona su ne abincinsu. Wani tsoho kusa da mu ya ciro littafi daga aljihu ya rubuta lokaci da adadi, ya ce shekara talatin da ɗaya ke nan yana rubuta ranar da ya fara ganinsu. A yini ɗaya, a wuri ɗaya, mun yi bankwana da masu tafiya ƙasarmu, mun tari masu zuwa daga ƙasar ƙanƙara.

Malam Edita, duk faɗin Titchwell bai kai hekta 200 ba. In ka ɗauke shi ka ajiye a fadamar Baturiya ta ƙasar Hadejia, sai ka neme shi ka rasa. Mu ne da babban wurin. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci ga duniya, a shekarar 2000, aka ƙara Baturiya da Dagona a 2008. Wannan gaɓar ta Norfolk ma a jerin take, wato a takarda matsayinmu ɗaya. Na san za a ce su masu kuɗi ne, sun ƙoshi shi ya sa suke kallon tsuntsu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan zauna a ɗaki mai ɗumi in ga laifin wanda ya kafa asuta don ya sa nama a miyar 'ya'yansa ba, ni ma da irin wannan miya na girma. Amma abin da ya fi burge ni a wurin nan bai ci kuɗi ba: allo, littafi, fensir, da dattijuwar da ta sauke madubinta daidai tsawon yarinya. Dattawan da suka fi ta sanin tsuntsu muna da su a kowane ƙauyen bakin ruwa, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani. Suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu mai tambayarsu.

Kuma maganar tsuntsu a fadama maganar ruwa ce. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke shayar da fadamar, tun daga nan ruwan ya daina zuwa yadda ya saba. Da can yakan zo da ƙarfi da damina ya malale ko'ina, ya janye da rani ƙasa ta bushe ta tsage. Yanzu malalar ta ragu, wasu magudanan kuma ba sa bushewa duk shekara, kuma wannan kwantaccen ruwa shi kachala ke so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda kachala ta rufe, kwalekwale ba ya wucewa, ba a jefa birgi, shinkafa ba ta yi, makiyayi ya rasa mashaya, baƙin tsuntsaye masu son fili da taɓo su ma sun rasa masauki. Wanda ya samu gida shi ne jan baki, a cikinta yake kwana yana hayayyafa. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi kawo amfani, in an haɗa kifi da noma da itacen wuta, a kan kwatankwacinsa da aka tura manyan gonakin ban ruwa na sama. Abin da manomi da masunci ke nema a wajen masu riƙe da ƙofofin madatsun, shi tsuntsun nan ma yake nema. Ina kuma roƙon manomanmu su riƙa bambancewa. Ba duk mai fiffike ne ɓarawon hatsi ba. Tsattsewa da ire-irenta ƙwari suke ci, raf kuma mafi yawa abin da ya zube bayan girbi yake tsinta.

A daren da muka dawo na tura wa kawuna, ƙanin mahaifiyata, hoton raf ɗin ta WhatsApp a wayar ɗansa. Washegari ya aiko da murya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ai baƙin sun fara sauka, shekaranjiya na ga na farko a bakin gonar gabas, amma ba kamar da ba." Ya ce yana da suna biyu a ransa, sai dai hoton waya ba ya nuna tafiyar tsuntsu, shi kuwa da tafiya da tashi yake gane su, don haka in bari sai na zo mun tsaya tare, kada ya laƙaba wa wani sunan wani. Sannan ya tuna mini da wani abu da na manta. Muna yara an taɓa kama wata 'yar agwagwa a kalli, a ƙafarta akwai zoben ƙarfe. Gari ya ɗauka, wasu suka ce laya ce, wasu suka ce tsuntsun mai shi ne kada a ci. Aka kira ni, ɗan aji biyar, in karanta. Lambobi ne da kalma ɗaya, MOSKWA, ban san me take nufi ba a lokacin. Birnin Mosko ne. Wani mutum a Rasha ya riƙe agwagwar nan a hannunsa, ya rubuta lambar a littafi, yana fatan wata rana wani zai gaya masa inda ta je. Zoben ya yi shekaru a cikin gwangwanin ƙugiyoyin mahaifina, har ya ɓata.

To ga buƙatata. Ina roƙon jaridarku ta ware ɗan gurbi, ko da rabin shafi ne sau ɗaya a wata daga kaka zuwa bazara, inda masu karatu za su aiko da hoton tsuntsu, da sunansa a garinsu, da ranar da suka fara ganinsa. Ai mun riga mun saba da wannan a kan shamuwa, kowa ya san in ta sauka a kan kuka to a gyara garma. A faɗaɗa shi kawai, a haɗa da na Maraɗi da Damagaram da bakin tafkin Chadi, a ga inda sunaye suka haɗu da inda suka rabu. Malaman firamare na ƙauyukan fadama za su iya tura ɗalibai wajen kakanninsu da irin shafin 'yata mai layi a tsakiya. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ta horar da 'yan ƙasa da dama, cikinsu akwai masu jin Hausa da za su taimaka a daidaita suna da tsuntsu. Kuma duk watan Janairu ana ƙirgar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aikin da aka fara tun 1967. Ku tura wakilinku ya shiga kwalekwale tare da masu ƙirgar a Baturiya ko Dagona, ya kawo mana adadin da Hausa, ya kuma tambayi hukumomin madatsun yaushe ake sakin ruwa da kuma wa ake shawarta kafin a saka.

Ga masunta da mafarauta kuma, duk wanda ya samu tsuntsu da zobe a ƙafa, don Allah kada ya jefar. Babu laifi a kansa, babu kuma abin tsoro. A ɗauki hoton lambar da rubutun duka, a rubuta rana da sunan gari mafi kusa, a ba wani mai intanet ya tura. Zoben Birtaniya yana ɗauke da adireshin gidan tarihin halittu na Landan, na sauran ƙasashe ma galibi da sunan birni ko cibiyar da ta sa shi, kuma sukan aiko da amsa su faɗi inda aka sa zoben da shekarar.

In Allah ya kai mu Disamba za mu zo gida ni da yarinyar. Na sayi madubin hangen nesa guda biyu, ɗaya na kawu ne. A shafin nata halittu goma sun cika a gefen Turanci, malamarta ta duba ta sa hannu. A gefen Hausa huɗu ne kawai, ta ƙi yarda a cire takardar daga littafin, ta ce da shi za ta zo.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku daga King's Lynn, Ingila.